Soyayya da abota ta waya: yadda matashi zai gane cutarwa, ya kare kansa, ya fita lafiya

Saƙon farko da mai cutarwa yake turowa, da wuya ka ga abin zargi a cikinsa. Sallama ce, ko yabon wani hoto da aka ɗora, ko kuma "na ga sitatus ɗinki, kamar akwai abin da ke damunki, lafiya dai?" Abota ta gaskiya ma haka take farawa, shi ya sa shawarar da manya suka fi bayarwa, wato "kada ka kula wanda ba ka sani ba", ba ta cika yin tasiri ba. Matasa kullum cikin kula baƙi suke, a nan suke samun abokan karatu da abokan musun ƙwallo, wasu har abokan rayuwa. Sannan ɓacin rai da yawa daga hannun sanannu yake fitowa: saurayi, tsohuwar budurwa, aminiya, ɗan aji ɗaya.

Abin da ya fi amfani shi ne sanin yadda cutarwar take aiki. Kowace iri ce, da abu uku take tafiya. A sa ka gaggawa don kada ka tsaya tunani, a raba ka da mutanenka don kada wani ya ankarar da kai, a ɗaure ka da kunya don kada ka buɗe baki. Zan riƙa cewa "ka" a wani wuri, "ki" a wani, amma babu matakin da ya tsaya kan jinsi ɗaya.

Mataki na farko: gyara wayar tun ana zaman lafiya

Aikin bai wuce na rabin awa ba, kuma ranar da babu matsala ake yin sa.

Fara da kalmar sirri. Kowane shafi da tasa daban, musamman imel ɗin da ka buɗe shafukan da shi, domin wanda ya shiga imel zai iya canza sauran duka. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a ko'ina. A WhatsApp lambobi shida ne da za ka zaɓa da kanka. Akwai kuma wasu lambobi shida da ke zuwa ta tes idan wani yana ƙoƙarin buɗe WhatsApp ɗinka a wata wayar. Duk wanda ya ce "na yi kuskure na tura lamba wayarka, don Allah karanto min", akawun ɗinka yake son ƙwacewa, ko da da sunan abokinka ya zo, don galibi abokin ma an riga an ƙwace nasa ne.

Sai ka leƙa wurin da WhatsApp ke nuna na'urorin da aka haɗa da akawun ɗinka. Wanda ya ari wayarka a buɗe na minti ɗaya zai iya haɗa ta da kwamfutarsa, ya koma gefe yana karanta saƙonninka. In ka ga na'urar da ba ka gane ba, cire ta. A nan kusa akwai zaɓin wanda zai iya jefa ka cikin guruf, mayar da shi kan waɗanda kake da lambarsu kaɗai. Masu Snapchat su tuna taswirar Snap Map, wadda ta zo a 2017, tana iya nuna wa abokai inda kake, sai ka kunna Ghost Mode ta ɓoye ka.

Maganar shekaru kuma tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka. Facebook da Instagram da TikTok da Snapchat duk sun sa 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi a yawancin ƙasashe, abin da ya samo asali daga wata dokar Amurka ta 1998 kan bayanan yara. TikTok ba ya barin 'yan ƙasa da 16 su yi saƙon sirri. Instagram ya fito da shafukan matasa a watan Satumban 2024, waɗanda suke a rufe tun daga farko, kuma ɗan ƙasa da 16 ba zai sassauta su ba sai da izinin iyaye. Yarinyar da ta ƙara wa kanta shekara biyar wajen rajista, da hannunta ta cire duk wannan kariyar, na'ura tana kallonta a matsayin babba.

Kafin ki ɗora hoto, dubi abin da ke bayanki. Bajon makaranta a jikin riga, lambar mota, allon shagon da ke kallon ƙofar gida, waɗannan sun ishi mai nema ya gano inda kike.

Mataki na biyu: tantance wanda kake hira da shi

Shafin bogi yana da kamanni. Sabo ne, hotuna uku ko huɗu masu kyan gaske, babu tsofaffin abokai da ke tsokana a ƙarƙashinsu, babu wanda ya taɓa sa shi a hoton taro. In an ce kuna da abokai a tsakani, tambayi ɗaya daga cikinsu ko ya san mutumin ido da ido. Sau da yawa amsar ita ce "a'a, shi ya turo na karɓa". Ɗauki hoton ka sa a Google Lens, manhajar bincike da hoto, za ka iya tarar da shi a shafin wani can daban da wani suna. Nemi kiran bidiyo. Wanda kullum kyamararsa a lalace take, ko kullum yana wurin da babu sabis, ya ba ka amsa. Sai dai kiran bidiyo ma yanzu ba hujja ce cikakkiya ba, ana kunna tsohon bidiyon wani, ana kuma sauya fuska da ƙirƙirarriyar basira. Ka ce ya juya kansa gefe, ko ya ɗaga yatsu uku, ka ga ko zai yi nan take.

Halayya ta fi hoto tona asiri. Kula da mai saurin kai hira inda ba ta isa ba, wanda a kwana biyu ya fara "ban taɓa jin haka game da kowa ba". Kula da mai matsa ki ku bar dandalin da kuka haɗu ku koma wata manhajar da saƙo ke gogewa. Kula da mai tambaya tun da wuri ko iyayenki suna duba wayarki, ko ke kaɗai kike kwana a ɗaki. Babban da ya girme ki nesa ba kusa ba, yana ce miki "kin fi sa'o'inki hankali, su ba za su gane mu ba", yana turo data da kyauta, yana roƙon kada kowa ya sani, bashi yake ɗora miki, kuma akwai ranar da zai nemi a biya.

Mataki na uku: raba so da mallaka

Nan ne wurin da ya fi wuya, domin mutumin na gaske ne, kin san shi, wataƙila ma da gaske yake son ki. Kuma abubuwan da yake yi, ƙawaye za su iya ce miki ai kishi ne, kishi kuwa alamar so.

Ga yadda yake zuwa. "Na ga kina onlayin ƙarfe ɗaya na dare, da wa kike hira?" "Kin karanta saƙona tun ɗazu, ga shuɗin maki nan, me ya hana ki amsa?" "Wane ne wannan da ke yi miki laik a kowane hoto? Cire shi." "Turo min hoton allon wayarki yanzu-yanzu in ga waɗanda ke sama a catin ɗinki." Daga nan sai a zo kan babbar: "In da gaske babu abin da kike ɓoyewa, ba ni fasuwad ɗinki." Samari ma ana yi musu haka, sai dai su sun fi jin nauyin faɗa, don kada a ce mace ta fi ƙarfinsu.

Ni a ganina, bayar da kalmar sirri ba ya kawo amana, ko kaɗan. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, in ya shiga akawun ɗinki sai ya sami sabon abin tambaya a saƙon shekara biyu da suka wuce. Kuma ba sirrinki kaɗai kika miƙa ba, har da na ƙawar da ta kawo miki kukanta ta saƙo, ita ba ta amince wa saurayinki ya karanta ba. Haka nan kunna masa wurin da kike kai tsaye. Yin hakan na awa ɗaya don kina kan hanya da dare abu ne mai kyau. Barin sa a kunne kullum don a san motsinki, wannan tsaro ne irin na fursuna.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ki ce a'a a kan ƙaramin abu, cikin ladabi, ba tare da dogon bayani ba. "Yau ba zan iya hira ba, sai gobe." Ko "fasuwad ɗina ba na ba kowa, ba kai kaɗai ba." Sai ki zuba ido. Mai son ki zai iya jin ba daɗi, ya ɗan yi ƙorafi, ya haƙura. Mai son mallaka zai turo saƙo ashirin a jere, ya kira ya sake kira, ya yi fushin kwana biyu don ki ji a jikinki, ko ya juya maganar har ki tsinci kanki kina ba shi haƙuri a kan laifin da ba ki yi ba. Wasu har barazanar cutar da kansu suke yi in aka rabu da su. Irin wannan maganar kada ki riƙe ta ke kaɗai, kada kuma ta ɗaure ki, sanar da wani babba na kusa da shi, shi ne taimakon da za ki iya yi masa.

Ki tambayi kanki abubuwa biyu. In wayar ta yi ƙara kika ga sunansa, daɗi kike ji ko gabanki ne ke faɗuwa? Kuma mutum nawa kika daina kulawa a 'yan watannin nan don gudun rigimarsa? Amsar ta biyun ta fi muhimmanci, domin keɓewa a hankali take shiga, mutum ba ya lura sai ranar da ya nemi wanda zai kira ya rasa.

Mataki na huɗu: maganar hotuna

"Ki turo mai buɗewa sau ɗaya, ai gogewa zai yi." WhatsApp ya kawo wannan tsarin a 2021, Snapchat kuma tun farkonsa a kan saƙo mai ɓacewa aka gina shi, har yana sanar da kai in an ɗauki hoton allo. Duk da haka babu manhajar da za ta hana mutum ya ɗauko waya ta biyu ya ɗauki hoton ta farko. Abin da ya bar wayarki ya bar ikonki. Ko shi mai amana ne, wayarsa tana ɓata, tana zuwa wurin mai gyara, abokai suna karɓa su duba.

Idan wanda ke cikin hoton bai kai 18 ba, dokokin ƙasashe da yawa suna ɗaukar ajiye shi ko tura shi a matsayin babban laifi, ko da mai turawar ma yaro ne. Don haka wanda irin wannan ya faɗo wa a guruf kada ya tura gaba, kada ya adana, ya kai rahoto.

Ƙin turawa ba ya buƙatar hujja. "Ba na yi" ta isa. In ya sake tambaya bayan kin faɗa, ya nuna miki matsayin maganarki a wurinsa.

Mataki na biyar: in barazana ta riga ta zo

Wannan ya fi faɗawa kan samari, kuma da sauri yake faruwa. Shafi mai hoton kyakkyawar yarinya ya turo saƙo, hira ta yi daɗi, ta turo hoto ta ce kai ma ka turo. Da ka tura, sai murya ta canza. Ga hoton allon jerin mabiyanka, ga sunan ƙanwarka da na abokan ajinka, "ka turo kuɗi cikin minti goma ko kowa ya gani". Hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan a watan Disamban 2022, ta ce waɗanda aka fi hari su ne yara maza 'yan shekara 14 zuwa 17. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 da ake gudanarwa daga Najeriya saboda wannan damfarar. Ma'ana, wanda ke maka barazana sana'a yake yi, mutane da yawa yake yi wa a lokaci guda, kuma minti goman nan da ya ba ka shi ne makaminsa.

Kada ka biya. Biya yana nuna masa akwai kuɗi kuma akwai tsoro, sai ya dawo da sabon farashi. In ka riga ka biya, tsaya a nan, kada ka ƙara. Kada ka roƙe shi, kada ka zage shi, daina amsawa kawai.

Kafin ka toshe shi, tara shaida. Ɗauki hoton allon sunan shafin, adireshinsa, saƙonnin barazanar da ranaku da lokutansu, da lambar waya ko ta asusun da ya ce a tura kuɗi. Hoton tsiraicin kansa kada ka kwafe shi ko ka tura wa wani da sunan shaida. Kada kuma ka goge akawun ɗinka cikin firgici, domin shaidar za ta tafi da shi. Rufe shi dai ga baƙi, ɓoye jerin abokanka, sannan ka kai rahoton shafin a cikin manhajar ka toshe shi.

Akwai hanyoyi biyu na kyauta da ke taimakawa wajen hana hoton yaɗuwa. Wanda bai kai 18 ba lokacin da aka ɗauki hoton zai yi amfani da Take It Down, na cibiyar NCMEC ta Amurka mai kula da yaran da aka ci zarafinsu. Wanda ya kai 18 kuma StopNCII.org, wanda aka buɗe a 2021. Dukansu iri ɗaya suke aiki: za ka zaɓi hoton a wayarka, a fitar masa da wata lambar shaida kamar zanen yatsa, lambar ce kaɗai ke tafiya, hoton ba ya barin wayar. Kamfanonin da ke cikin tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, sai su riƙa tare duk hoton da ya yi daidai da lambar. Ba sa iya shiga saƙonnin sirri masu kulle irin na WhatsApp, amma suna rage ɓarna sosai. Ko hoton na bogi ne, an ɗora fuskarki a jikin da ba naki ba, matakan nan duka za ki bi.

Sai abin da ya fi duk waɗannan nauyi a baki: faɗa wa wani babba, yau. Uwa, uba, yaya, malami, duk wanda ka san zai tsaya maka. In baki ya kasa, rubuta: "Wani yana min barazana da hotona a intanet, ina jin tsoro, ina buƙatar taimako." Tare za ku kai wa 'yan sanda ko sashen da ke kula da laifukan intanet. Ƙarfin mai barazana duk a kan cewa babu wanda ya sani yake, ranar da mutanenka suka ji daga bakinka rabin abin da yake riƙe da shi ya zube. An yi asarar yara a kan wannan, cikin 'yan awanni da fara barazanar, saboda sun ɗauka babu mafita. In tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka zauna kai kaɗai a ɗaki da wayar, fita ka sami mutum a daren nan.

A yi hattara kuma da masu zuwa daga baya suna cewa su ƙwararru ne, a biya su su goge hoton. Sau da yawa damfara ce ta biyu.

Mataki na shida: taron dangi a guruf da ƙarƙashin hoto

Wani cin zarafin babu soyayya a cikinsa. A mayar da hoton mutum sitika ana dariya, a buɗe guruf ba shi don a yi da shi, a fitar da hirar da ya yi a asirce, ko mutum hamsin su taru a ƙarƙashin bidiyonsa. Ramuwa a fili abin da suke jira ke nan, kowace amsa tana ƙara tura abin gaba. Tara shaida, rufe tsokaci, tace kalmomin da ba ka son gani. Instagram yana da Restrict tun 2019, wanda ke sa tsokacin mutum ya zama shi kaɗai ke ganinsa ba tare da ya sani ba. Yana da amfani ga wanda za ka haɗu da shi gobe a aji, inda toshewa za ta jawo sabuwar rigima.

In kai ɗan kallo ne, kada ka tura gaba, kada ka sa alamar dariya. Tura wa wanda ake yi wa saƙo a gefe, "na ga abin da ake yi, bai dace ba, ina tare da kai". In da hali faɗi haka a cikin guruf ɗin, sau da yawa mutum ɗaya ake jira ya fara.

Mataki na bakwai: rabuwa

In kin yanke shawarar fita daga alaƙar da ke da takura, jerin aikin yana da muhimmanci. Kafin ki faɗa masa, canza kalmar sirrin imel, sannan ta sauran shafuka. Duba lambar waya da imel ɗin da aka sa na dawo da akawun, kada ya zama nasa ne. Fitar da duk na'urorin da ke ciki, kashe nuna wurin da kike, adana saƙonnin barazana in akwai, ki sanar da mutum ɗaya ko biyu abin da kike shirin yi. Bayan nan ne za ki faɗa, a taƙaice, sau ɗaya. In kina tsoronsa, ta saƙo ya isa, babu dole sai an haɗu. Zai iya buɗe sabbin shafuka ko ya aiko abokai, kowanne ki ɗauki hotonsa ki toshe ba tare da amsa ba.

Kai kuma da aka rabu da kai, abin da aka turo maka lokacin ana tare amana ce. Goge shi. Yaɗa shi laifi ne da ake ɗaure mutane a kansa a ƙasashe da dama, kuma haushin wata ɗaya bai kai ka ɓata rayuwar mutum biyu ba.

In kai aka kawo wa kuka

Iyaye da yayye da malamai, kalmar farko da za ta fito bakinku ita ce za ta yanke ko yaron zai ƙarasa maganar. Ku fara da "gara da ka faɗa min, za mu san yadda za a yi". Faɗa da tambayar "me ya kai ka" su jira wata ranar. Kada ku ƙwace wayar a matsayin hukunci, tsoron hakan ne ke hana yara da yawa magana tun farko, kuma shaidar tana cikinta. Kada ku kira mai barazanar don ku yi masa kashedi, kada ku tura masa ko sisi. Ku zauna tare da yaron ku ɗauki hotunan allo, ku kai rahoto, ku cike Take It Down, sannan a 'yan kwanakin farko ku tabbata akwai wanda ke kusa da shi da dare, lokacin da saƙonnin suka fi shigowa.